TULUN SITT WARDE

Shafi na 11

Da bakin sanda Tahani ta ɗauko bargon, don ba ta yarda ta taɓa shi da hannu ba.

Ta shigo da shi falo ta yar a gaban Gwaggo Awadiya, wadda ke zaune gindin murhu da rigar sanyi biyu a jiki, safar Siddig, mijin Tahani, a ƙafa, tana kurɓar shayi. Bargon ya faɗi tim, kamar jiƙaƙƙiyar fata. Maiƙo ya mai da shi baƙi. Warin hayaƙi da tsohon gumi ya cika ɗakin.

"Gwaggo, na waye wannan?"

Gwaggo Awadiya ta dubi bargon ta ɗauke kai.

"Ke da gidanki kike tambayar baƙo?"

"A rumfar itace na same shi, bayan tarin icen da muka jera. Da tabarma mai rami a tsakiya. Da toka. Da guntayen talha, icen ƙamshi."

"To?"

"Dukhan kuka yi a gidan nan, turaren jiki irin na amare."

"Haram ne?"

Kwana goma sha tara ke nan da Gwaggo Awadiya, ƙanwar mahaifin Siddig, ta sauka daga Alƙahira tare da 'yarta Rimaz. Kwana biyar suka ce za su yi, su sayi kayan aure a Beirut su juya. Ɗakuna biyun da suka cika da akwatuna ba na Tahani da mijinta ba ne. Ƙasan gidan Sitt Warde ne, tsohuwar da ta ba su wurin zama shekara uku da suka wuce, Siddig yana kula da gona da rufi, Tahani tana kula da ɗakin tanadin hunturu. Babu takarda a tsakaninsu. Ranar da tsohuwar ta ce su fita, sun fita ke nan. Tahani na da cikin wata shida, rediyo kuma ya ce gobe dusar ƙanƙara za ta sauka ta rufe hanyar dutsen.

"Ba haram ba ne," in ji Tahani. "Tambayata ɗaya. A cikin me kuka zuba garwashin?"

"Amarya gare ni, 'yar nan. Saura sati biyar. So kike in kai ta gidan miji tana warin tafarnuwa irin na mutanen dutsen nan?"

"A cikin me?"

"A garinmu rami ake haƙawa. Nan na sa dunduniya ko'ina, dutse ne. Ƙasar da ko rami ba ya haƙuwa, ban san me ya zaunar da ku ba."

"Akwai shaidar gindin tulu a ƙasan rumfar. Zagaye sak. Na auna da tafin hannuna, huɗu ne. Tulu ɗaya ne a gidan nan mai wannan faɗin."

Gwaggo Awadiya ta ajiye kofin.

"Tunda kin iya awo, me kike tambaya?"

Tahani ta juya ta dubi ƙofar ɗakin tanadi.

Tun watan Mayu Sitt Warde take kiwon rago ɗaya. Da hannunta take tura masa ganyen bishiyar tut a baki, safe da yamma, tana wanke shi, tana yi masa magana, har wutsiyarsa ta yi nauyin da ba ya iya tashi sai an taimaka masa. Jiya Siddig ya yanka shi, domin tsohuwar Kirista ce, ta kuma ce tunda tare za a ci, Musulmi ya yanka. Yini guda Tahani ta yi a tsaye tana yayyanka nama ƙanana, ana soya shi cikin kitsensa da gishiri. Ƙawarma ke nan, naman gidan na wata huɗu. Da yamma aka juye shi da zafinsa cikin babban tulun ƙasa da Sitt Warde ta gada wurin uwarta, aka ɗaure bakin da ƙyalle.

"Na je na buɗe shi yanzu," in ji Tahani. "Kitsen ya daskare fari tas. Sai da na sa hanci. Sama warin rago, ƙasa turaren sandal da man shafawa na karkar. A leɓen tulun ta ciki akwai baƙin hayaƙi. Akwai gashi guda, Gwaggo, a maƙale cikin kitsen. Ba na rago ba ne."

"Sai ki cire."

"In cire?"

"Ki sa yatsa ki cire, ki yar. Ke ba ki taɓa tsintar gashi a miya ba? Na wanke tulun nan sau uku da garin sabulu, har hannuna ya tsage. Kitsen da kuka zuba yana tafasa. Wuta ta bar wani abu ne?"

"Tulun ƙasa ne. Yana sha. Abin da ya shiga ba ya fita."

"Ji mini malama. Shekara uku a ƙasar mutane, kin zama gwanar tukwanensu."

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Rimaz ta fito lulluɓe da mayafi, idonta a ƙasa. Shekararta ashirin da shida, ta karanta haɗa magunguna, amma a gaban uwarta muryarta ba ta wuce ta 'yar firamare.

"Anti Tahani, wallahi na ce mata yana warin nama."

"Rufe mini baki," in ji uwar.

Tahani ta juya gare ta. "Sau nawa?"

"Shida."

"Yaushe?"

"Da safe, in kin tafi rumbun tuffa. Kafin ki dawo an mayar."

"A kan bakin tulun kike zama?"

Rimaz ta gyaɗa kai.

"Awa nawa?"

"Ɗaya. Wani lokaci ya fi. Sai gumi ya gama zuba."

Tahani ta fita tsakar gida da sauri. Ta dafa bango ta yi amai a gindin inabi, babu komai a cikinta sai shayi. Jiya da yamma ta dangwali ɗumin kitsen da burodi a bakin tulun, don ta ji gishiri. Sau biyu.

Ta kuskure baki a famfo. Ruwan ya yi sanyin da ya sa haƙoranta zafi. Tana tsaye a wurin wani lissafi ya zo mata. Tulun nan ko babu komai a ciki, ita da ƙyar take jirkita shi. Gwaggo Awadiya ba ta iya ɗaga bokiti saboda baya. Daga ɗakin tanadi zuwa rumfar itace akwai matakala bakwai.

Ta ɗaga kai. Siddig na kan rufi yana kakkaɓe bututun hayaƙi.

"Siddig. Sauko."

"Saura guda ɗaya."

"Sauko yanzu."

Ya sauko, hannuwansa baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya leƙa falo ya ga bargon a ƙasa. Bai tambayi mene ne ba. Wannan ya ishe ta amsa.

"Kai kake ɗaukar musu."

"Tahani, saurare ni."

"Sau shida ka kai, sau shida ka mayar. Jiya kuma ka ce in zauna in huta saboda cikina, kai za ka juye naman. Har na ji daɗi. Na ce mijina ya fara tausayi."

"Gwaggona ce. Ita ta goya ni da uwata ta rasu. Ta roƙe ni abu ɗaya, in ce mata me?"

"Ka ce mata tulun abinci ne."

"Na ce. Ta ce za ta wanke. Na nemi wani a ƙauyen nan ban samu ba. Na ɗauka kwana biyu ne, kafin yanka warin ya fita."

"Da ka zo juyewa ba ka ji warin ba?"

Ya juya kai ya dubi rufin.

"Ka ji."

"Naman yana kan wuta, tsohuwa tana kallona ta taga. In ce mata me? Tsaya, Sitt Warde, tulun uwarki ya zama kujerar amarya?"

Gwaggo Awadiya ta fito bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe kunnuwa saboda iska.

"Ku rage murya, kuna tara mana jama'a. Maganar nan mai sauƙi ce. Kowa ya yi shiru. Tsohuwa ce, hancinta ya mutu. Ta ci abinta, sanyi ya wuce, shi ke nan."

"Mu ma daga ciki za mu ci, Gwaggo."

"Ke kya iya cewa ciki ya hana ki nama."

"Maƙwabta fa? Gida biyar take aika wa kwano-kwano, da gidan limamin cocinsu."

"Sai su ji ƙawarmar bana ta fi ƙamshi."

Ta yi dariya ita kaɗai. Tahani ta dube ta, ta dubi bakinta mai sheƙi da man shanu, ta kau da kai.

Daga sama aka buga sanda a daɓe sau uku. Alamar Sitt Warde ce in tana shirin saukowa. Duk shekara, washegarin yanka, ita take fara ɗiban cokalin farko da hannunta, a soya da ƙwai a ci da rana.

Siddig ya kama hannun matarsa ya ja ta gefe. Ya bar mata shaidar yatsu huɗu baƙaƙe a hannun riga.

"In ba ta ji ba, ba mu ce komai. In ta ji, ki ce ke ce."

"Me ka ce?"

"Ki ce ke kika yi, ba ki san ba a yi ba. Tana son ki. 'Yata take ce miki. Ba za ta kori mai ciki cikin ƙanƙara ba. In ta san ni ne, aikin ya tafi, ɗakin ya tafi. In ta san su ne, za ta ce mun kawo mata ƙazamai gida, duk ɗaya ne. Ke kaɗai ce za ta yafe wa."

"Ka daɗe da shirya wannan."

"Ina neman mana inda za mu kwana ne, Tahani. Ina za mu je? Ɗakin ƙaninki a Beirut, su takwas a kan katifa uku? Can za ki haihu?"

Ba ƙarya ya faɗa ba. Wannan ne ya fi tayar mata da zuciya.

Sitt Warde ta sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, baƙar riga, sanda a dama, kwandon ƙwai a hagu. Shekararta tamanin da ɗaya. Ta tsaya ta huta a ta ƙarshe.

"Kun ji rediyo? Gobe da la'asar ƙanƙara za ta sauka. Siddig, mai tankar man murhu zai zo yau da ƙarfe huɗu, tasa ce mota ta ƙarshe da za ta hau dutsen nan a satin nan. Ka tsaya a kansa, bara ya zuba mana rabi a ƙasa." Ta dubi Gwaggo Awadiya. "Baƙuwarmu, har yanzu kina rawar sanyi? Wannan ai bazara ce. Bari ki ci ƙawarmata, za ki tuɓe rigar nan ɗaya."

"Allah ya ƙara lafiya, Hajiya," in ji Gwaggo Awadiya da fara'a.

"Na gaya miki ban je Makka ba. 'Yata, riƙe mini ƙwan nan."

Suka shiga ɗakin tanadi. Kwalabe a jere har rufi: zaitun, gautar da aka cusa wa gyaɗar goro aka nutsar cikin mai, tumatirin da aka dafe, buhunan alkama, albasa a rataye. Tulun yana kusurwa. Sitt Warde ta zauna a kan kujerar katako, ta yi alamar gicciye, ta kwance ƙyallen.

"A kan jaki uwata ta zo da shi ranar aurenta," in ji ta. "Yaƙi biyu ya gani bai tsage ba."

Ta sa cokali ta yanko farin kitse da jan nama a ciki. Ta ɗaga. Ba ta shinshina ba. Mura take yi tun shekaranjiya, hancinta a toshe. Tahani ta ga Siddig ya saki numfashi. Ta ga Gwaggo Awadiya ta gyara tsayuwa.

Tsohuwar ta buɗe baki. Haƙora uku ne a ciki.

Tahani ta ajiye kwandon ƙwai ta riƙe mata wuyan hannu.

"Kada ki ci."

"Me ya faru? Gishiri ya yi yawa?"

"Tulun ba shi da tsarki."

"Ɓera ya faɗa?"

"A'a."

"To mene ne? Yi magana, hannuna ya gaji."

Tahani ta faɗa mata a taƙaice, kamar mai ba da rahoto. A ƙasarsu mace tana zuba garwashi da icen ƙamshi a rami, ta shafe jiki da mai, ta zauna a kai, ta lulluɓa da bargo, hayaƙin ya ratsa ta. Nan babu rami. An yi da tulun. Sau shida, kafin yanka.

Sitt Warde ta saurara har ƙarshe.

"Ta zauna."

"E."

"A kan bakin tulun."

"E."

"Da tufafi?"

"Babu."

Tsohuwar ta dubi cokalin da ke hannunta. Ta miƙa shi nesa da jikinta, ta sake shi ya faɗi ƙasa. Ta goge yatsunta a riga, ɗaya bayan ɗaya, ta sake gogewa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wata biyar ina ba ragon nan ganye a baki. Gwiwata ta kumbura a gindinsa." Ta ɗaga kai. "Wace ce?"

Gwaggo Awadiya ta riga kowa.

"Hajiya, ki yi haƙuri, yarinta ce. Mu ma yau muka sani. Na yi mata faɗa tun safe, har muryata ta dushe. Mai ciki ce, kin san su da kwaɗayin abu. Na ce mata, Tahani, matar nan ta riƙe ku kamar 'ya'yanta, wannan ne sakayya?"

Rimaz, daga bakin ƙofa, ta ce, "Mama!"

"Ke fita, ba maganar yara ba ce."

Sitt Warde ba ta ko kalli Gwaggo Awadiya ba. Siddig ta duba.

"Kai. Shekara uku ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Ko tuffa ɗaya ka ci a gona sai ka faɗa mini. Wace ce ta zauna a kan tulun uwata?"

Siddig ya dubi hannuwansa.

"Tahani ce," in ji shi. "Ba ta san girman abin ba. Ki yafe mata saboda abin da ke cikinta."

Can ƙasan dutse ana jin wani yana faskare.

Tahani ta dubi mijinta. Akwai kunkunniya a gefen bakinsa inda ya shafa. Ta tuna da wannan bakin ya ci burodi da kitsen jiya tare da ita, yana sane, har yana cewa ya yi daɗi.

Sitt Warde ta dogara sanda ta gyara zama.

"Naman nan ko karnuka ba zan ba ba. Za a haƙa rami a binne shi da tulun. Hunturun bana alkama da zaitun za mu ci, ban taɓa yi ba tun da aka haife ni." Ta numfasa. "Mai tanka zai sauka da ƙarfe huɗu da rabi. Duk wanda hannunsa ke cikin wannan abu zai bi shi, da kayansa. Ba na son in tashi gobe in gan shi a tsakar gidana."

"Sitt Warde," in ji Siddig, "cikinta wata shida."

"Na iya ƙirga. Ban tambaye ka ba."

Ta juyo ga Tahani. Idanunta sun yi ja, amma babu hawaye.

"Ke kika riƙe hannuna. Da kin yi shiru da na haɗiye. Saboda haka ke zan tambaya, sau ɗaya, abin da kika faɗa kuma shi zan ɗauka. In kin ce ke ce, zan bar ki ki haihu a nan saboda jaririn, amma ba za ki ƙara taka ɗakin nan ba, ba za ki ƙara taɓa abin da zan ci ba, ba kuma zan ƙara ce miki 'yata ba. In ba ke ba ce, ki faɗa mini."

Siddig ya ɗago ido yana roƙonta da su. Dabararsa ta ci. Kalma ɗaya za ta faɗa, su kwana a ɗaki mai murhu har bazara, shi da ita da gwaggonsa.

Gwaggo Awadiya ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da harshen gida, yadda tsohuwar ba za ta kama ba.

"Ki rufa wa mijinki asiri, 'yar nan. Ki tuna a hannunsa kike."

Tahani ta zare hannun rigarta daga inda Siddig ya sake kamawa.

"Ba ni ba ce, Sitt Warde."

"Tahani!" in ji Siddig.

"Wadda ta zauna yarinya ce, uwarta ta sa ta. Amma tulun nan ba ya tafiya da ƙafarsa. Matakala bakwai ne daga nan zuwa rumfa. Ki tambayi mijina wa ya ɗauka, ki tambaye shi wa ya juye naman jiya yana jin warin."

Sitt Warde ta kama kujerarta da hannu biyu, ta juya ta a hankali, har ta fuskanci Siddig.